Abin da Muka Tarar a Ƙasan Rumbun Tsoho

Daga Dumega, zuwa ga Nomau, a masaukin matafiya na Doso.

Da sunan Allah mai kai matafiyi, mai maido shi. Gaisuwa mai yawa zuwa gare ka, ƙanena kuma ɗana. Ina fata gajiyar kamiyo, motar kayan nan, ta sake ka, kana cin abinci, kana samun barci. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare ka a kan tudu, ya tsare ka a kan ruwan nan mai gishiri wanda ban taɓa gani ba sai a littafi.

Ba zan cika ka da labarin gida ba. Kowa lafiya, an gama ɗaurin hatsi, shi ke nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da Isufu direba ya zo da ita. Ya ce ya bar ka zaune a kan akwatinka, ka ƙi yankar tikitin motar Gaya. Ya ce ka gaya masa ba za ka wuce ba, za ka juyo ka maido wa mai gidana kuɗinsa, tunda ka ji inda suka fito. Ya ce motar Gaya ranar kasuwa take tashi, in ta tafi ba da kai ba, jirgin ruwan Kwatano ma zai tafi ba da kai ba, makarantar Dakar kuwa ba ta jiran kowa. Shi ne zai kawo maka takardar nan tare da wani ɗan ƙulli. Kada ka kwance ƙullin sai ka zo inda na ce ka kwance.

Tun ranar da Allah ya karɓi mahaifiyarmu ni na goya ka, da kai aka kawo ni gidan nan, kana riƙe da bakin zanena. A gaban mutane Yaya kake ce mini, amma in zazzaɓi ya kama ka Inna kake kira. Yau da sunan nan na biyu nake rubuto maka. Ba ni da hikimar tsofaffi, shekaru kaɗan na ba ka. Abin da nake da shi kurakuraina ne, su kuwa suna da yawa. Zan shimfiɗa maka su ka zaɓi abin da zai yi maka amfani. Maganar rumbu tana nan tafe, amma sai can gaba. Ka san ni, littattafan nan sun koya mini jan rai.

Ka tuna shekarar da gardi, dogarin Nasara, ya zo neman yaran lakkwal, wato makarantar boko? Wataƙila ba ka tuna duka, kana ƙarami. Kwamandan, Baturen mulki, ya aiko wa mai gari ya ba da yara, kowa kuwa ya ɓoye nasa, aka ce a ba da marayu. Da na ji sunanka a bakin gardi sai na ja hannunka na ruga wurin Tsoho, mahaifin mai gidana, Allah ya jiƙansa. Yana zaune a gindin rumbunsa na ƙasa, wanda ya sa magini daga Adar ya gina masa bayan shekarar fara, shekarar da ya ga mutane suna tonon gidan tururuwa don ƙwayar hatsi. Ka san wasiyyar da ya bari a kansa: kada ido ya ga ƙasan rumbun nan. Kowace kaka a ɗora sababbin dammuna a sama, in an ɗiba a ɗiba daga sama, a mayar da wani a gurbinsa. Na durƙusa ina kuka, na roƙe shi ya ɗaga jinka a jefa ka ciki har gardi ya wuce. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, rumbun ga na hatsi na, ba na ɗiyan mutane ba. In gardi ya hau neman yaro ya ga abin da ke ciki, lampon bana ninki za shi yi." Haka aka tafi da kai kana waiwaye. Na daɗe ina gaishe shi da baki kawai, zuciyata ba ta gaishe shi.

Ba don son ilmi Tsoho ya ƙi ba, tsoron lampo ne, harajin Nasara. Amma dubi abin da ya biyo baya. Da hutu ka dawo ka zana mini baƙaƙe a kan yashi, sai ga shi da baƙaƙen Faransa ina karanta ƙananan littattafan Hausa da fatake ke shigowa da su daga ƙasar Ingilishi ta ƙetaren iyaka. Tuwo nawa na ƙona saboda su, Allah kaɗai ya sani. Takardar nan ma da kake riƙe da ita, da Tsoho ya ɗaga jinka ranar nan, da babu mai rubuta ta, babu mai karanta ta. Ni a ranar na ɗauka tsare ka nake yi, ashe tsoro ne ya sa rigar ƙauna. Don haka in zuciyarka ta ce maka ka koma gida ka fake, ka tambaye ta da kyau, tausayinmu ne ko tsoron nauyin da ka ɗauka. Juyowar da kake son yi, ɓoyon nan ne da na so in yi maka, yau kai kake son yi wa kanka.

Wani kuskuren kuma na baki ne. Lokacin da aka tura ka Dakar karon farko da kuɗin gwamnati, na tsaya a bakin rijiya na gaya wa mata likita kake karantawa. Ba ka taɓa ce mini haka ba. Kai ka rubuto cewa ilmin tsirrai da ƙwari kake yi. Ni kuwa na duba duk littattafaina ban ga jarumin da ya yi suna da ƙwaro ba, sai na sake maka sana'a ba da saninka ba. Ranar da ka dawo da lisansi, digirinka na farko, kafin ka sha ruwa mata sun cika zaure, wannan da yaro mai tari, wannan da kumburin ƙafa. Goggo Dije, ƙanwar Tsoho, ita ce kan gaba da ciwon bayanta. Ka russuna ka ce, "Goggo, ni ba lokotoro ba ne, ƙwarin hatsi na karanta." Ta saki baki ta ce, "Ƙwari? Har bakin teku anka kai ka don ƙwari? Taho ɗakina in gwada ma su kyauta." Zaure ya ɗauki dariya. Kai ka yi murmushi, amma na ga kunnenka ya ji. Ni na ja maka wannan dariyar. Da tun farko na faɗi abin da kake yi, da sun yi dariyarsu tun kana nesa sun gama.

To ka kira aikinka da sunansa a ko'ina. Can za ka zauna da 'ya'yan manyan 'yan kasuwa da 'ya'yan ma'aikata masu takalma biyu uku. In sun tambaye ka gidanku, kada ka ce surukinka sarki ne. Ka ce manomi ne a Arewa, da hatsi aka biya maka. Wanda ya raina ka a kan haka ya rage maka wahalar sanin halinsa. In za ka rubuto mini kuma, kada ka yi wa labari ado don ka san ina son ado. In ɗakinka na yoyo ka ce yana yoyo. Adon zan ƙara da kaina, wannan ba sai an taya ni ba.

Na uku shi ne ya fi cin lokacinka, har yanzu in na tuna sai in ji nauyi. Bayan lisansi aka aje ka a biro, wato ofishin noma na Dogon Dutsi, aka ba ka sikeli da buhunan irin gyaɗa, aka ce ka auna ka rubuta. Ka zo ka ce mini abin da ka karanta bakin ƙofa ne kawai, sai ka koma ka yi babbar difloma, ka yi bincike da hannunka, sannan za a yarda a ba ka ɗakin gwaji da madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. Ka rubuta neman bursu, kuɗin karatu na gwamnati, amsa ta zo cewa an riga an biya maka sau ɗaya. Ka zauna gindin bishiyar bedi kana juya takardar. Me na ce maka? Na ce ka yi haƙuri, wani zai zo.

Kada ka yi dariya, da gaske nake nufi. A littattafaina daidai wannan wurin ne wani attajiri ke ɓata hanya, ya tsaya neman ruwan sha, ya ga yaro mai hankali, ya ce biyo ni. Na wanke ƙwaryata mai zane na rataye kusa da ƙofa. Duk ƙarar mota da na ji a hanya sai in gyara ɗankwali. Mota ɗaya ce ta taɓa tsayawa ƙofar gidanmu, ita ma injinta ne ke jin ƙishirwa. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, kana can kana auna gyaɗa. Ban taɓa buɗe baki na yi wa mai gida maganar ba, don ina ganin kai dangina ne ba nasa ba, ya riga ya ci da kai ya tufatar da kai, ba zan ƙara masa ba. Shi ne da kansa wata rana da hantsi, yana gyaran ƙotar hauya, ya ce, "Wai ke, wa kike jira bakin ƙohwa?" Na gaya masa, kaina a ƙasa. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Shekara guda kina duban hanya, ba ki dubi cikin gida ba. Yaron ga a hannuna ya yi kaciya. In ba nawa na ba, na wa na?"

Ka ji. Shekara guda na cinye maka da jiran baƙon da babu shi, alhali mai taimakon yana cin tuwo a gabana kullum. Don haka kada ka yi jira irin nawa. Kuɗin da ke hannunka za su kai ka, su biya rajista, su riƙe ka wasu watanni, amma ba za su kai ka ƙarshe ba, mun san haka, kai ma ka sani. Kada ka zauna sai sun ƙare. Tun makon farko ka je ƙofar malaminka ka gaya masa yadda kake. Ka ce in akwai wankin kwalabe a ɗakin gwaji kana so, in akwai 'ya'yan wani da ke neman mai koya musu lissafi da maraice kana so. Ka sake rubuta neman bursu, in sun ƙi ka sake. Ka nemi mutanenmu da ke can, fatake da tsofaffin soja, ka gaishe su tun ba ka da bukata. Mutane da yawa suna da niyyar alheri, amma ba su iya duba ba, sai an gaya musu.

Sai maganar ciki, don na san abin da za ka yi in ka wuce da wannan zuciyar. Za ka ce kowace loma hatsin gidan mutane ce, ka koma ci sau ɗaya a yini. Na riga ka yin wannan wautar. Shekarar da aka kawo ni, kunyar gidan miji ta hana ni cin abinci. In an zubo mini sai in taɓa kaɗan in tura maka sauran, don kada a ce amarya ta zo da baki biyu. In an tambaye ni in ce na ƙoshi. Kai kana ƙiba, ni ina ramewa, ina jin kaina kamar wata baiwar Allah ta cikin labari. Wata safiya ina jan guga a rijiya sai na ga duhu. Da ba don wata Bafillata mai tallar nono ta riƙo zanena ba, da tare da gugan na tafi. Aka ɗauko ni a kan jaki. Na kwanta, aka yanka kaza, aka sayi mai, aka kira mai magani, wata ta bar aikinta tana daka a madadina. Abin da aka kashe a jinyar ya fi tuwon da na rage nesa ba kusa ba. Mai gida bai yi faɗa ba. Ya sa aka kawo akushi, ya zauna bakin ƙofa ya juya mini baya don kada in ji kunya, ya ce ba zai tashi ba sai ya ji ƙarar hannu a gindin akushi.

To ka ci abinci, Nomau. Ka rage a tufafi, ka rage a shiga mota, ka tafi da ƙafa in wurin ba nisa, amma kada ka rage a ciki. Ka ce mini can shinkafa da kifi suke ci, ka ci ko ba ka so. Kai mai yunwa ba ya riƙe karatu, in kuwa ka kwanta ciwo a can babu Bafillatar da za ta riƙo maka riga. Ranar da ka ga abin hannunka ya yi ƙasa, ka rubuto tun da sauran kaɗan. Ina da gamanata, 'yar gonata ta wake, ina da awaki, gidan waya kuma suna aika manda, takardar kuɗi, har Dakar. Ba alfarma ba ce, aikin uwa ne.

Yanzu na zo kan kuskuren da ya zaunar da kai a kan akwati. Wannan ba tsoho ba ne, ɗanye ne, kuma nawa ne ni kaɗai. Da mai gida ya yanke shawarar buɗe rumbun Tsoho, ya kira wani ɗan kasuwa daga Geceme, aka kwashe na sama a kan jakuna lokacin kana Dutsi kana miƙa makullan biro. Ya so ya gaya maka. Ni na hana. Na ce mu ce maka sa ne muka sayar daga cikin shanun da ke hannun Fulani. Ya ce, "Yaron ga ya san ba mu da sa." Na ce ai kai ba ka ƙirga shanu, ƙwari kake ƙirgawa. Na so ka tafi da zuciya sakayau, kamar yadda jarumi ke fita daga gari ana ɗaga masa hannu. Sai ga Goggo Dije a bakin kamiyo, gaban kowa, ta ɗaga murya ta ce, "Tahi, ɗan lakkwal! Ka cinye rumbun ɗan'uwana, ka bar mu hannun damina!" Ka dube ni, na dubi ƙasa. Ka hau mota ba ka yi wa mai gida sallama ba, shi kuwa yana tsaye da hannu a miƙe.

Kada ka riƙe Goggo a zuciya. Ta ga shekarar fara da idonta, mu labari muka ji. Kowace kaka ita ke zuba nono a gindin rumbun saboda doguwar da ta ce tana tsaronsa, ba ta taɓa fashi ba. Abin da ta faɗa tsoro ne, kuma gaskiya ta faɗa, ni ce na yi ƙarya. Da na bari an gaya maka tun farko, da ka yi fushinka a nan tsakar gida, inda akwai mai ba ka amsa, ba a tashar Doso kai kaɗai ba. Ka yafe mini. Abin da za ka ɗauka a nan shi ne, duk wanda kuke ɗauke da kaya ɗaya da shi, ka gaya masa nauyin kayan. Sauƙin da ƙarya ke kawowa ba ya kai mutum ko bakin mota.

To ga abin da ya faru bayan tafiyarka, wanda ba ka sani ba.

Maganar Goggo ta tsaya wa mai gida a rai. Ya ce tunda an riga an taɓa, bari ya sauka ya ga abin da ya rage, ya san wata nawa zai riƙe mu in damina ta ƙi. Da safe aka ɗaga jinka, ya kafa tsani ya shiga. Ya fara miƙo dammuna. Na farko masu nauyi ne, zangarniya cike. Can sai suka fara sauƙi, yaro ma ya ɗaga da hannu ɗaya. Sai muka ji ya ce a miƙo masa kwando. Kwandon ya fito cike da gari mai launin toka, da ƙaiƙayi, da sanduna tsirara, abubuwa ƙanana suna motsi a ciki. Ya miƙo na biyu, haka. Na uku, haka.

Ka san mace ba ta leƙa rumbun miji. Shekaruna duka a gidan nan ban taɓa ganin cikinsa ba, sai dai in zana shi a raina, cike da hatsi kamar zinariya har ƙasa. Ranar nan ya leƙo da kai, fuskarsa fari fat da gari, ya ce, "Taho ki gani." Na ɗaure zane na hau. Nomau, yana tsaye ƙafarsa ta nutse har gwiwa. A jikin bango ga dammunan Tsoho nan a jere, da igiyarsu yadda ya ɗaure su da hannunsa, siffarsu ba ta canza ba. Mai gida ya sa yatsa ya taɓa ɗaya, sai ya zube kamar toka. Wani wari ya taso, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Duk shekarun nan muna zuba sabo a sama, muna ɗiba daga sama, muna duban sama muna cewa rumbu cike yake. Su kuwa suna ƙasa suna ci suna hawowa. Wasiyyar da ta hana ido ganin ƙasan rumbu ita ce ta ba su zaman lafiya. Mai gida ya ce da mun ƙara 'yan shekaru, da na saman da aka sayar ma sun iso shi.

Aka kira Goggo. Ta zo da sandarta, ta tsuguna, ta tura hannu cikin kwando, ta damƙo garin ta bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunta. Can ta ce, a hankali, "Ashe nonon da nike zubawa, ƙwari nike kiwo." Ta share hannu a zane ta koma ɗaki. Ranar ba ta ci abinci ba.

Da Isufu ya zo da labarinka muna tsakar gida, ita ma tana nan a kan tabarma. Ya gama bayani. Sai ta ɗago kai ta ce mini, "Ke, yaron nan, mi ya ce yana karatu?" Na ce, "Ƙwarin hatsi, Goggo." Ta buga sanda a ƙasa ta ce, "To mi yake jira a Doso?"

Mai gida kuma ya ce in rubuta maka nasa yadda ya faɗa, kada in yi masa ado. Ga shi: "Ki hwaɗa mishi, in ya maido kuɗɗin, mi za ni yi da su? In sayi hatsi da tsada in zuba ma ƙwari su ƙara ƙiba? Shi tahi. Sallamar da bai yi min ba, ina jiranta ranar da ya komo."

Ba zan ce maka ba mu jin tsoro ba, na daina yi maka ƙarya. Hatsin bana yana rumbun kara, in mun yi tattali zai kai mu kaka. Bayan shi babu wani. In damina mai zuwa ta ƙi, za mu sha wuya kamar kowa. Amma ka gane wannan da kyau: ajiyar da kake ganin ka raba mu da ita, ba mu da ita tun tuni, sai dai ba mu sani ba. Da ba don tafiyarka ba, da ranar da za mu sani ita ce ranar yunwa, yara na kuka, a ɗaga jinka a tarar da toka. Abin da ya tsira daga rumbun Tsoho shi ne abin da ke cikin aljihunka. Rumbun nan sau biyu ke nan yana tura ka makaranta, da fari ya ƙi ɓoye ka, yanzu ya biya maka.

Yanzu kwance ƙullin.

Kwalbar turaren aurena ce, ka santa, wadda na hana ka taɓawa kana yaro. Na wanke ta na shanya, na ɗebo mata daga kwandon nan. Iri biyu na gani a ciki, wani ƙarami ja-ja mai saurin gudu, da wata 'yar fara mai fukafukai. Na toshe bakin da tsumma don su sha iska, na zuba musu ƙwayar hatsi kaɗan, su ma matafiya ne, ba a tura baƙo ba guzuri. Ka kai su Dakar. Ka sa su ƙarƙashin madubin nan ka dube su ido da ido. Ka gano sunansu, da ta inda suke shiga, da abin da suke tsoro, abin da mai hauya zai iya samu ba sai ya sayar da akuya ba. Tun da labari ya bazu, maƙwabta biyu sun ɗaga jinkar tsofaffin rumbunansu, ɗaya ya sauko yana salati. Ba gidanmu kaɗai ke jiranka ba.

Akwai wani littafi a cikin akwatina wanda akuya ta cinye ganyensa na ƙarshe tun kafin in kai wurin. An bar yaron cikin labarin a bakin kogi, kwale-kwale na jiransa, daga nan sai tabon haƙori. Shekara da shekaru ina ƙaga masa ƙarshe in ina daka ko ina tankaɗe, wani lokaci in ƙetar da shi, wani lokaci in maido shi gida, babu wanda ya taɓa kwantar mini da rai. Na tambayi fatake har sun gaji da ni, ba a sake samun irinsa ba. Kada ka bar ni da irin wannan, Nomau. Ɗaya ya ishe ni.

Ka riƙe salla a jirgi ko da ba ka san gabas ba, ka tambayi masu jirgin. Ka ɗaure kuɗinka a jiki, ba a akwati ba. A Faraku kada ka sauka daga jirgin ƙasa neman ruwa in ba ka ga wasu sun sauka ba. Bargon da na sa maka a ƙasan kaya na iskar teku ne, kada ka ba kowa.

Allah ya sa ka fita a sa'a, ya sauke ka a sa'a. Allah ya haɗa ka da malami mai haƙuri da abokai masu tsoronsa. Ya buɗe maka abin da ka je nema, ya tsare ka daga ciwo da mugun ji da mugun gani, ya ba mu damina mai albarka a bayanka, ya maido mana da kai muna raye, har Goggo. Amin.

Na gaya wa Isufu kada ya karɓi komai daga hannunka, ko tamma ɗaya. Abin da zai kawo mini kawai shi ne ya ga bayan motar Gaya da idonsa, kana ciki, kwalbar tana aljihunka.

Ni ce,
Yayarka a gaban mutane, Innarka in kana zazzaɓi,
Mariyama.